Yadda A-kori-kura ta Zama Motar Ƙasaita a Amurka

A watan Afrilu na 2018 kamfanin Ford ya sanar da cewa zai daina sayar da kusan dukkan ƙananan motocinsa na salun a Amurka. Fiesta da Focus da Fusion da Taurus duk za su tafi, daga ƙarshe kuma Mustang kaɗai ta rage. Wannan fa shi ne kamfanin da ya ɗora talakan Amurka a kan mota tun zamanin Model T, ga shi da bakinsa yana cewa ƙaramar mota ba ta biya masa buƙata. Kafin shekarar ta ƙare General Motors ya bi sahu, ya yanke wa Cruze da Impala da wasu hukunci, ya kuma rufe masana'antarsa ta Lordstown da ke jihar Ohio a 2019. Fiat Chrysler ma ya riga su, domin tun 2016 ya sallami Dodge Dart da Chrysler 200. Chevrolet Malibu ce ta yi ta jan ƙafa har zuwa ƙarshen 2024, ita ma aka naɗe mata tabarma.

Abin da ya maye gurbinsu shi ne jif iri-iri da kuma a-kori-kura. Yau cikin kowace mota biyar sababbi da ake sayarwa a Amurka, kusan huɗu suna cikin rukunin da hukuma ke kira ƙananan motocin ɗaukar kaya, wato jif da a-kori-kura da ƙananan bas-bas na iyali. Tun daga lokacin masu sha'awar mota a ƙasar ke ta muhawara a kan tambaya ɗaya: mai saye ne ya juya wa ƙaramar mota baya, ko kuwa kamfanoni ne suka ɗauke ta daga kasuwa suka ce ba a so?

Kafin a shiga gardamar sai an gane wace irin mota ake magana a kai, don wanda ya saba da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna zai yi kuskuren fahimta. Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram 1500 da GMC Sierra manyan motoci ne, tsawon wasunsu ya kusa mita shida, bonet ɗin wasu kuwa yana kai wa ƙirjin babban mutum. Jerin F na Ford ya fara fitowa a 1948, kuma tun 1977 babu wata a-kori-kura da ta fi shi kasuwa a Amurka. A da motar manomi ce da magini: ƙofa biyu, kujera ɗaya doguwa, bayanta mai tsawon ƙafa takwas. Canjin ya kankama ne sa'ad da aka fara yin ta da cikakkun ƙofofi huɗu, kamar F-150 SuperCrew ta 2001. Ɗakin fasinja ya faɗaɗa, wurin kaya ya tsuke zuwa ƙafa biyar da rabi. Daga nan ta zama motar kai yara makaranta da zuwa ofis, wadda kuma za ta ja ƙaramin jirgin ruwa zuwa tafki ranar hutu.

Sai ƙasaita ta shigo. Ford ya fito da King Ranch, mai ɗauke da sunan wata shahararriyar gonar kiwon shanu a kudancin Texas, kujerunta an lulluɓe su da fata irin ta sirdi. GMC na da Denali, sunan dutse mafi tsawo a Arewacin Amurka. Chevrolet na da High Country, Ram na da Longhorn da Limited da Tungsten. Toyota, wanda ke ƙera Tundra a San Antonio, ya sa wa tasa 1794, shekarar da aka kafa gonar da masana'antar ke zaune a kan filinta. A ciki akwai kujera mai ɗumama jiki da sanyaya shi, wata har tausa take yi, ga allon kwamfuta mai faɗi, ga matakala da ke saukowa da kanta idan an buɗe ƙofa. Farashin irin waɗannan yana haura dala 80,000 cikin sauƙi, matsakaicin kuɗin da ake biya wa babbar a-kori-kura sabuwa kuwa ya wuce dala 60,000.

Akwai wani abu a tarihin nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanonin da aka sani da motar alfarma sun gwada yin a-kori-kura, kuma kusan duk sun sha ƙasa. Lincoln ya fito da Blackwood a 2002, baƙa wuluk, an shimfiɗa kafet a wurin kayanta, an rufe shi da murfi mai buɗewa da lantarki. Shekara ɗaya ta yi a kasuwar Amurka. Ya sake gwadawa da Mark LT, ita ma ba ta daɗe ba. Cadillac ya ɗan jure da Escalade EXT har 2013 sannan ya haƙura. Mercedes ya yi X-Class a kan ginin Nissan Navara a 2017 don kasuwannin wajen Amurka, ya dakatar da ita a 2020. Amma a daidai wannan zamani King Ranch da Denali sai ƙara kasuwa suke yi. Abin da na fahimta shi ne mai sayen irin wannan mota yana son jin daɗin attajiri, amma yana so a gan shi a matsayin mutumin da ke aiki da hannunsa. Tambarin Ford ko GMC yana ba shi duka biyun. Ɗan kwangilar da ya je wurin gini da Mercedes zai sha kallo daga leburori da mai aikin, amma idan ya zo da F-150 wadda ta fi Mercedes ɗin tsada babu mai ɗaga kai. Kamfanonin Detroit, wato Ford da General Motors da Chrysler, sun gano wannan, kuma a kansa suka gina arzikinsu na shekaru ashirin da suka wuce.

Masu kare a-kori-kura suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ƙasarsu faɗi gare ta, tituna manya ne, mai yana da araha idan aka kwatanta da Turai, kuma mota ɗaya da za ta ɗauki mutum biyar da kaya ta ja tirela ta fi motoci biyu sauƙi. Suna ƙarawa da cewa a-kori-kura ba ta faɗuwa daraja da wuri idan an tashi sayarwa, kuma injinan yanzu ba sa shan mai kamar na da. Gaskiya ne an yi aiki a nan: Ford ya kawo ƙaramin inji mai silinda shida da turbo a 2011, ya mayar da bodin F-150 na alminiyam a 2015 don rage nauyi. Babbar hujjarsu dai ita ce ba wanda aka sa wa wuƙa a wuya. Mutum ya shiga wurin dillali da ƙafarsa, ya zaɓi abin da ransa ke so.

A nan ne nake rabuwa da su. Mutum yana zaɓe ne daga cikin abin da aka ajiye a gabansa, kuma abin da aka ajiye a gaban Ba'amurke doka ce ta tsara shi tun kafin a haifi yawancin masu sayen.

Doka ta farko ta samo asali ne daga kaji. A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma da sauran ƙasashen kasuwar tarayyar Turai suka ɗora haraji a kan naman kajin Amurka mai araha da ke kashe wa manomansu kasuwa. Shugaba Lyndon Johnson ya rama, ya sa harajin kashi 25 cikin ɗari a kan wasu kayayyaki daga 1964, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, don ya taɓa Volkswagen. An daɗe da janye harajin daga sauran kayan, amma na motocin yana nan har yau, shekara sittin ke nan, alhali motar fasinja ta yi shekaru da dama tana biyan kashi biyu da rabi kacal. Ma'anarsa ita ce a-kori-kurar da aka ƙera a Japan ko Tailan ba za ta iya gogayya a Amurka ba. Kamfanoni sun yi ta dabarar kauce masa. Subaru ya taɓa ɗaura kujeru biyu a bayan ƙaramar a-kori-kurarsa BRAT don a lissafa ta a motar fasinja. Ford da kansa ya riƙa shigo da Transit Connect daga Turkiyya da kujerun baya, a cire su bayan ta wuce kwastan, har sai da ya amince ya biya gwamnati dala miliyan 365 a 2024 don a kashe maganar. Wannan katanga ta ba kamfanonin gida fili mai faɗi da ba kowa a cikinsa, kuma inda babu gogayya farashi ba ya sauka.

Doka ta biyu ta fi wannan tasiri, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta. Bayan ƙasashen Larabawa sun hana Amurka mai a 1973, majalisa ta kafa ƙa'ida a 1975 da ta tilasta wa kowane kamfani ya kai wani matsayi na tsimin mai a jimillar motocin da ya sayar. An sassauta wa motocin ɗaukar kaya, bisa tunanin cewa kayan aikin manoma ne da 'yan kasuwa. Kamfanoni suka ga ƙofa a buɗe: duk motar iyalin da za a iya ginawa ta shiga wannan rukuni ta tsira daga ƙa'ida mai tsauri. Haka jif ta kori doguwar motar iyali ta da. Daga baya aka sake gyara dokar yadda ma'aunin zai dogara da faɗin filin da tayoyin mota huɗu suka mamaye a ƙasa. Mota mai babban fili an rage mata nauyin abin da ake nema, mai ƙaramin fili an ƙara mata. Injiniyan da ke son cika sharaɗi sai ya ga ya fi masa sauƙi ya ƙara wa mota tsawo da faɗi, maimakon ya kashe kuɗi wajen sa ƙaramar ta ƙara tsimi. Ƙaramar a-kori-kura irin ta shekarun 1980 da 1990 ta mutu ne a wannan tarko.

Ga kuma dokar haraji da ta ba mai sana'a damar cire kaso mai tsoka na kuɗin mota daga ribar da za a caje shi haraji a kai, muddin nauyin motar da kayanta ya wuce fam 6,000, kimanin kilo 2,700. Likita ko dillalin gidaje da ya sayi babbar mota da sunan aiki ya ci riba, wanda ya sayi ƙarama bai samu kamar haka ba.

Idan aka haɗa waɗannan, lissafin kamfani a fili yake. Masu nazarin kasuwa sun daɗe suna ƙiyasta cewa ribar babbar a-kori-kura ɗaya tana kai dala 10,000 ko fiye, ƙaramar salun kuwa da ƙyar take mayar da kuɗinta. Fata da katako da allon kwamfuta ba su da tsada sosai ga mai ƙera mota idan aka kwatanta da abin da yake ƙarawa a farashi. Ginin ƙarfen da ke ƙarƙashin motar lebura shi ne ƙarƙashin ta attajiri, bambancin farashinsu kuwa ya kan ninka. Wane manaja ne zai ba ƙaramar mota gurbi a masana'anta alhali ga wannan?

Masu kukan rashin salun da giyar hannu su ma akwai inda hujjarsu ke da rauni, kuma abokan gardamarsu ba sa gajiya da tuna musu. Yawancin masu son mota na haƙiƙa ba sabuwa suke saye ba. Suna jira ne ta shekara biyar ko goma ta sauko. Mujallar Car and Driver ta ƙaddamar da gangamin ceto giyar hannu tun 2010, an yi ta yayata shi, amma motocin da ake sayarwa da ita sababbi ba su fi kashi biyu cikin ɗari ba. An sha kawo motar da masana suka yaba, irin su Chevrolet SS mai injin silinda takwas wadda aka ƙera a Ostareliya, ta zauna a wurin dillalai ba mai taya ta, sai bayan an daina yin ta kowa ya fara nema. Kamfani ba ya jin muryar wanda zai sayi motarsa a hannu na uku. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ba ta wanke kamfanonin Detroit ba, domin Toyota da Honda da Hyundai da Kia ba su bar salun ba, kuma Camry da Corolla da Civic da Accord suna fita da dubban ɗaruruwa kowace shekara. Kasuwar tana nan. Ford da General Motors sun bar ta ne saboda sun kasa cin riba a inda Japanawa da Koriyawa ke ci.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa akwai buƙatar da aka ƙi biya, daga Ford ɗin ta fito. A 2021 ya gabatar da Maverick, ƙaramar a-kori-kura mai ƙofa huɗu da injin da ke haɗa mai da lantarki, wadda ake ƙerawa a Meziko, a kan farashin farko da bai kai dala 20,000 ba. Mutane suka yi mata rububi har kamfanin ya rufe karɓar oda saboda ba zai iya cikawa ba. Da yawa daga cikin masu sayenta ba su taɓa mallakar a-kori-kura ba. Bayan 'yan shekaru farashinta ya hau sosai. Akwai kuma masu shigo da ƙananan a-kori-kurar Japan da ake kira kei, tsofaffi, masu sitiyari a dama, saboda doka ta yarda a shigo da motar da ta shekara 25 ko da ba ta cika sharuɗɗan ƙasar ba. Manomin da ya je har Japan neman motar da ta girmi ɗansa yana faɗa wa kasuwa abin da ta rasa. Hilux ɗin da ta cika titunan Afirka da Asiya ma ba a sayar da ita a Amurka, Tacoma ce ta maye gurbinta tun 1995, kuma masu son mota a can suna ambatonta da sha'awa kamar yadda wasu a nan ke ambaton a-kori-kurar Ford mai suna Raptor.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne matakalar ƙasa da aka sare. Honda Fit da Toyota Yaris sun bar kasuwar Amurka a 2020, Chevrolet Spark a 2022, Kia Rio a 2023, Mitsubishi Mirage ta biyo baya. Matsakaicin farashin sabuwar mota ya kai kusan dala 50,000. Don a iya saye sai aka tsawaita bashi zuwa wata 72, har 84, wato shekara bakwai mutum yana biya, sau da yawa bashin da ke kansa ya fi darajar motar. Ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba an tura shi kasuwar tsofaffi, ita ma ta yi tsada saboda kowa ya koma can.

Sannan akwai wanda ba ya cikin motar. Masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe a Amurka sun kai kimanin 4,100 a 2009, zuwa 2022 sun haura 7,500. Dalilan suna da yawa, har da danna waya a kan tuƙi da tsarin tituna, amma siffar mota tana ciki. Cibiyar binciken kiyaye haɗurra ta kamfanonin inshora, IIHS, ta gano a 2023 cewa motar da tsawon gabanta ya wuce inci 40 ta fi yiwuwar kashe wanda ta buge da kusan kashi 45 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai gajeren gaba mai gangara. Ƙaramar mota ƙafa take duka, doguwar kuwa ƙirji da kai. Dogon gaban nan mai kama da bango yawancinsa ado ne, an yi shi don motar ta yi kwarjini. A wannan gaɓa ban ga uzurin da mai zanen mota zai kawo ba.

An yi zaton lantarki zai sauya alƙiblar, sai ya bi ta. Rivian R1T ta fito a 2021, F-150 Lightning a 2022, Cybertruck ta Tesla a ƙarshen 2023. GMC Hummer mai lantarki ta wuce tan huɗu, batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota. Masu jan tirela suka tarar cewa nisan da caji ke kai su yana raguwa da kusan rabi idan an ɗaura kaya, kasuwar kuwa ba ta kai inda aka yi hasashe ba. A gefe guda Ram ya cire injin Hemi mai silinda takwas daga a-kori-kurarsa ta 2025 ya sa mai shida wanda ya fi shi ƙarfi a takarda, masu saye suka yi bore, kamfanin ya dawo da shi a ƙirar shekarar da ta biyo. Wannan ya nuna ana sauraron masu sha'awar mota idan su ne masu biyan dala dubu sittin.

Detroit ta taɓa shiga wannan rami. A tsakiyar 2008 galan ɗin fetur ya haura dala huɗu, a watan Mayu na shekarar Civic da Corolla da Camry da Accord kowace ta fi jerin F kasuwa, kuma a 2009 General Motors da Chrysler suka durƙushe sai da gwamnati ta ɗaga su. A lokacin suna da ƙananan motoci, ko da ba su kai na Japan ba. Yau idan mai ya yi irin wannan tashin ba su da inda za su fake.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana da kaso a wannan muhawara, domin Amurka tana cikin manyan wuraren da tsofaffin motocinmu ke fitowa, ta tashar Legas da ta Kwatano. Camry da Corolla da Accord da Sienna da Highlander da ake gani a wurin dillalanmu, wani ne ya saye su sababbi a can shekara takwas ko goma da suka wuce. Abin da ake sayarwa sabo a can yau shi ne zai iso mana nan gaba: motoci manya, masu cike da na'urori, ƙananan kuwa ƙalilan kuma da tsada, a ƙasa kamar Najeriya da aka cire tallafin mai tun Mayun 2023. Camry ɗin ma daga ƙirar 2025 babu wadda ake sayarwa a Amurka sai mai haɗa mai da lantarki. Makanikan da ke koyar da yara a garejinmu, da makarantun koyon sana'a, su fara koyar da gyaran batirin irin wannan mota da karanta kwamfutarta tun yanzu, kafin jiragen su fara sauke ta.